Yadda Golf Ɗina Ta Koyi Shan Ruwa

Golf 3 gare ni, mai inji 1.8, ƙirar shekarun 1990, irin wadda Turawa suka ci moriyarta sannan aka turo mana. A takarda ƙarfinta doki 90 ne. A kan titi kuwa, rabin dawakan sun mutu tun a hanyar Kwatano, sauran kuma tsufa ya kama su. Duk da haka muna zaune lafiya, tana kai ni aiki tana dawo da ni, sai ranar da wata Sharon maƙare da fasinja da buhunan albasa ta wuce ni a hanyar Zariya, yaron da ke gidan gaba ya leƙo yana ɗaga min hannu yana cewa, "Sannu Baba, a sauka lafiya!" Ni da totur ɗina ke manne da ƙasa.

Daren nan ban yi barci ba, na kwana ina kallon bidiyon makanikan Amurka. Bayaninsu ya shige ni sarai. Inji iska yake ci fiye da fetur: kowane kilo ɗaya na fetur yana neman iska kilo 14.7 kafin ya ƙone yadda ya kamata. In ka samar masa iska da yawa, ka samar masa ƙarfi. Iskar kuwa tana bi ta manifol, ƙarfen alminiyon nan mai ƙafa huɗu, ta shiga ramukan top, wato kan injin, ta wuce bawul zuwa silinda. Narka shi ake yi a zuba a mazubi, saboda haka cikinsa akwai kaushi da tudu da gaɓar da mazubin ya bari, kuma bakinsa ba ya cika daidaita da bakin ramin top. Sai su ɗora gaskit, 'yar shimfiɗar da ke tsakanin manifol da top, su zana, su kankare abin da ya yi saura. Mutanen nan suna da wani teburin gwaji da ke zuƙo iska ta cikin ramin ya faɗa musu ko nawa ta wuce, bayan kowace 'yar kankara sai sun koma sun auna. Ni ba ni da teburi, amma ina da ido, kuma ina da zuciya.

Ranar Asabar na kwance manifol ɗin. A Golf irin tawa yana can bayan inji ne, saman na salansa, wurin da hannun mutum ba ya shiga sai ya bar fata jingina. Na shimfiɗa shi a tsakar gida a kan buhu, na aro injin huji wajen maƙwabcina kafinta, na sayo haƙoran kankara da sanfefa kala-kala.

"Malam, wannan kuma mene ne?" in ji uwargida.

Na ce, "Hanjin mota ne, zan buɗe mata numfashi."

"Asma gare ta?"

Ban tanka ba. Ilimi ba a raba shi da wanda bai shirya ba.

Alminiyon ƙarfe ne mai taushin hali da mugunta. Kana fara kankara sai ya liƙe a haƙorin, ya cike shi, haƙorin ya daina ci ya koma tsalle. Dabarar ita ce a riƙa goga masa kyandir, kuma wallahi tana aiki, shi ya sa kyandiran gidan suka ƙare kafin magariba. Ƙafa ta farko na bi ta a hankali, ina kankara ina leƙawa da tocila. Ta biyu hannuna ya faɗa, na ƙara mata faɗi. Da na dawo na dubi ta farko sai ta yi min kama da marainiya, na koma na ƙara mata. Ana cikin ta uku aka ɗauke wuta, injin ya mutu a ciki. Da aka dawo da ita kuma ban kashe makunnin ba, sai ya zabura ya yi wani ɗan yawo shi kaɗai a cikin ramin kafin in cafke shi. Na haska, na ga wata 'yar ƙofa da ba ta fi kan allura ba a jikin bangon. Na kwaɓa gam mai haɗi biyu na toshe, na ce wannan tsakanina da Allah.

Ƙurar alminiyon kuwa ta bi iska ta sauka kan kuɓewar da aka shanya. Miyar da aka yi da ita tana ƙyalli a hasken fitila, yara suka ce ta biki ce.

Sai gugar. A nan ne na nuna bajinta. Na fara da sanfefa mai kaushi, na sauko mai laushi, na sauko wadda ta fi ta, na ƙarasa da man goge ƙarfe da tsumman tsohon ɗankwali da na naɗa a tsinke. Da na gama, na leƙa cikin ƙafa ta huɗu na hango haƙorana. Na kira uwargida ta zo ta gani. Ta leƙa, ta gyara ɗaurinta a ciki, ta ce, "Da tukwanena ka yi wa haka da ka samu lada. Ka dai bi a hankali, kada garin neman ƙiba a samo rama."

Na ɗaura, na zuba ruwa a lagireto, na yi bisimilla na murza makulli. Ta tashi! Ta yi wani gurnani da ban taɓa ji ba, na ce alhamdulillahi dawakai sun farfaɗo. Can sai ta fara karkarwa, sulo ya ƙi zama, madubin gefe yana rawa. Sannan salansa ta soma fitar da farin hayaƙi mai ɗan zaƙi-zaƙi a hanci, ya cika layin. Wata tsohuwa ta buɗe tagoginta duka tana sa albarka, wai an daɗe ba a zo feshin sauro ba. Mai shayin bakin titi ya rufe burodinsa.

Na ce sabon aiki ne, sai ta saba. Na hau titi. Daga tsaye in na taka totur sai ta yi shiru kamar tana shawara, ta yi tari, sannan ta motsa. A fitilar farko A Daidaita Sahu biyu suka bar ni, ɗaya ma da katifa a samansa. Kafin in kai gareji allurar zafi ta kwanta a ja, ruwan da na zuba da hannuna ya tafi inda ban aike shi ba.

Bakanikena dattijo ne, tun zamanin Fijo 504 ta Kaduna yake riƙe da sifana. Ya kwance fulogi ya jera su: uku baƙi ƙirin da tsatson mai, na ukun a jere kuwa fes, tururi ya wanke shi. Ya sa yaransa suka fito da manifol. Ya ɗaga shi sama, rana ta daki cikinsa ta dawo masa a ido.

"Injiniya, wa ya yi maka wannan aikin?"

"Wani yaro ne," na ce.

"Allah ya shirya shi. Yaron nan gam ɗinsa ma a farcenka ya bushe."

Sai ya zaunar da ni a kan benci ya karanta min. Golf irin tawa, in ji shi, nozul ɗaya gare ta a can sama, inda kafireta ke zama a tsofaffin motoci, saboda haka fetur da iska tare suke gangarowa ta cikin manifol. Kaushin nan da na tsana shi ke yamutsa iskar da ke bin bango, ya hana fetur kwanciya. Da na mayar da shi madubi sai man ya riƙa taruwa ɗigo-ɗigo yana malala, ya shiga silinda a jiƙe, bai ƙone duka ba. Masu sana'ar ma da gangan suke barin ɓangaren shigar iska da ɗan kaushi. Na fitar hayaƙi ake gogewa sumul don kada baƙin toka ya kama.

"To faɗin fa, Baba? Ai iska ta samu hanya."

Ya ɗauko tiyon wankin mota yana zuba salalam, ya danne bakinsa da babban yatsa, ruwan ya yi tsartuwa ya jiƙa min takalmi. "Ka gani? Inji ba yawa kaɗai yake so ba, gudu yake so. Ka buɗe mata hanya ta fi ƙarfin huhunta, iska ta shiga tana tafiyar ƙasaita. Sai mai tsere da ke kai inji ƙololuwa zai ci ribar rami mai faɗi, kai kuwa daga gida zuwa ofis ne cikin cunkoso. Kuma ƙafa huɗu ka ba su faɗi huɗu, kowace silinda da kalar abincinta." Game da 'yar ƙofar nan kuwa, ashe ruwan lagireto yana ratsa jikin manifol ɗin don ɗumama shi, bangon da ke tsakani kuma ba shi da kauri. Gam ya ji zafi da fetur ya ce ga garinku nan. Ya ce in gode Allah ƙofar ƙarama ce, domin ruwa ba ya matsuwa, in ya cika silinda sandar fistin ce ke lanƙwashewa.

Ni dai har yanzu ina ganin da ba a ɗauke wutar nan ba da labarin ya sha bamban.

Muka aika kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa aka samo wani manifol na Beljiyam, mummuna, baƙi, cikinsa kaushi ko'ina. Ina kallo yaron gareji ya ɗauraye shi da fetur kawai ya ɗaura. Motar ta tashi lafiya lau, sulo ya zauna, ko kunya ba ta ji ba.

Nawa kuma na kai shi gida na ajiye a kan kanta, amma uwargida ta ce ko shi ko ita a falon. Da mai jari-bola ya zo wucewa na fito masa da shi, na ce ya duba aiki, irin wannan sai Amurka. Ya rataya a sikeli, ya dubi allura, ya sake girgizawa.

"Alhaji, ni na Golf da yawa na saya, wannan bai kai nauyinsu ba. Ina sauran?"

Uwargida daga cikin gida ta ɗaga murya: "Mun ci a miya!"