Kogi na kowa ne, amma ta ina masunci zai bi?

Wanda ya saba shiga kasuwar kifi ta Kado a Abuja ya san abin da ya cika tebura: tarwadar kiwo da kifin kwali mai ƙanƙara da ake shigowa da shi daga waje. Giwan ruwa ko ragon ruwa na kogi kuwa sai mai rabo, kuma kuɗinsa sai an dafe ƙirji. Kowa kan ce kifi ne ya ragu, kuma haka ne. Sai dai idan ka zauna da masunta daga wajejen Abaji, inda Gurara ke gangarawa zuwa Neja, za ka ji wani kukan daban. Ruwan na nan, hanyar zuwa gare shi ce ake toshewa. Mai kuɗi ya sayi gona a bakin kogi, ya ja waya har cikin ruwa, ya zuba maigadi, mashigin da kakanni suka bi da koma da taru ya zama cikin gidan wani.

Dokokinmu sun raba kogi gida biyu. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba gwamnatin tarayya ikon zirga-zirgar jiragen ruwa a Neja da rassansa, amma ya cire kamun kifi na koguna da tafkuna daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, dokarta ta ba ta iko da mita 100 daga gaɓar duk ruwan da aka ayyana a matsayin hanyar jirgi, kuma a 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa tarayya wannan iko a shari'arta da Legas. Ƙasa kuma, tun dokar amfani da filaye ta 1978, tana hannun gwamna. Wato mai jirgi yana da hukumarsa, mai gona yana da takardarsa, masunci kuwa yana tsakiya kamar hanjin agogo, ba wanda ya rubuta masa inda zai taka.

Wasu ƙasashen sun daɗe da fitar da matsaya. A Ingila, in ban da inda igiyar teku ke kaiwa, kifin kogi na mai gaɓa ne, ko da lasisi a aljihunka sai ya yarje maka. A jihar Montana ta Amurka kuwa, dokar 1985 ta ba jama'a damar bin kogi su kama kifi har iyakar da ruwa ya saba kaiwa in ya cika, ko filin na wane ne, muddin ba su keta gonarsa ba wajen shiga. Tsarin Montana ya fi kusa da mu. Hadisi ya nuna mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Tun kafin a yi hukumomi muna da mashaya da mashigi waɗanda ba a sayarwa.

Mai gona ma yana da hujja, ba na musu. An sace masa injin ban ruwa, an tattake masa shuka, ga rashin tsaro. Kuma cikin masu su akwai ɓata-gari masu zuba guba su kashe har 'ya'yan kifi, ko su ja raga mai ido kamar gidan sauro. Amma maganin wannan ba waya ba ce. A Argungu ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har lokacin biki, kuma hanin yana tsayuwa ne saboda akwai Sarkin Ruwa da jama'a suka sani suke kuma jin maganarsa. Hani na lokaci da kowa ke bi daban, hani na dindindin saboda mutum ɗaya daban.

Na san maganar ruwa tana tada jijiyar wuya. Ƙudirin dokar albarkatun ruwa ya sha faɗuwa a majalisa tun 2018, don wasu na ganin dabara ce ta ƙwace musu gaɓa. Abin da nake nufi bai kai nan ba. Kada a ba kowa takardar fili a bakin kogi sai an cire mashigi an sa shi a taswira, a bar ɗan fili a gaɓa inda masunci zai ɗaure kwalekwale ya shanya raga, a kuma sa sarakunan ruwa cikin masu ba da izini, tunda su suka san baƙo da ɗan gari.

Jihohi na da majalisunsu da za su iya yin wannan gobe in sun ga dama. Abuja ba ta da majalisar jiha, Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka, kuma filayenta duk na gwamnatin tarayya ne. Saboda haka a nan ba wanda zai ce gwamna ne ya hana.