Yadda zanzaro ya ci mini jika 41

Kun dai san Corolla ɗina, ƴar 2003 ɗin nan da na hawo daga Kwatano, wadda Hadiza ke kira kishiya. Ƴar Amurka ce, kuma da wannan nake cika baki a fada. To, ina dawowa daga Ƙonni, daidai Badagishiri, sai wutar cek ta kunnu a tablo. Mota ba ta yi tari ba, ba ta rage gudu ba. Na kai wa Sani garaji, ya kira yaron nan mai balis, na'urar nan mai karanta matsalar mota, ya soka ta ƙarƙashin sitiyari, ta fito da lambar matsala P0446, ya karɓe jika 5. Sani ya ce, "Patron, tururi ne kawai, a goge ka yi tafiyarka."

Da na ji maganarsa da yanzu ban da labari. Amma sai na kwana a intanet, na wayi gari injiniya. Ashe tun 1996 Amurkawa suka tilasta wa motocinsu wannan kwamfuta mai kai ƙara. Tururin esansi ma ba a yarda ya fita iska ba. Akwai wani gwangwani cike da gawayi a ƙarƙashin mota kusa da tanki, shi ke shanye tururin, in inji ya yi zafi wani bawul ya buɗe a zuƙe shi a ƙone. Kwamfutar kuma tana gwada ko akwai yoyo, ko da hudar ba ta wuce milimita 1 ba. Ku duba fa, a Tawa, inda ƴan ruwa-ruwa ke jera kwalabe a bakin titi rana na dafa su, motata ce kaɗai ta damu da hudar milimita 1.

Muguntar abin, in an goge wutar ba ta dawowa nan take. Sai inji ya kwana ya huce, tanki ba cike ba kuma ba wayam ba, kwamfutar ta yi gwajinta ta faɗi sau biyu, sannan ta kunna. Wato kwana uku cur take ba mutum ya yi alfahari. Na sauya marufin tanki, jika 3, aka goge, na je fada na ce na gama da ita. Ran Alhamis ta dawo. Sai na yanke hukunci cewa kaptar ne, ɗan abin da ke auna matsin iskar tanki. Na sa ƙanen Hadiza ya zagaye ƴan kayan gwanjo a Yamai. Suka ce masa Corolla ƴar Faransa ba ta da wannan abin sam, ta Amurka ƴar 2006 kuwa wani tsari ne daban mai ɗan famfo. A ƙarshe wani ya zaro masa ɗaya daga wata mota da har yau ba mu san sunanta ba, ya rantse duk ɗaya ne, waya uku ce. Jika 20, aka sa a bas.

Ranar ɗaurawa daga ofis na wuce, riga fara, na yi zanzaro, biro a aljihu. Fishin, wato mahaɗar wayoyinsa, bai shiga ba. Sani ya ce, "Patron, wanga ba nata ba ne." Na ce masa waya uku ce, ɗaya bolt 5, ɗaya mas, ɗaya sigina, mi ya rage? A yanke a haɗa. Ya dube ni, ya dubi sama, ya yanke. Kafin in gama gyara tsayuwa wuta ta kunnu, wannan karon ko kwana ukun ba ta ba ni ba. Mai balis ya zo, jika 5, P0453. Ashe kowane kaptar da harshen da yake magana da shi. Wutar lantarkin da wannan ke aikawa yana zaune lafiya, ita kwamfutar Toyota a kunnenta ihu ne.

Duk wannan a gaban Mushe Abdu. Ban san mi ke kai Mushe garajin Sani kullum ba. Mutumin nan ko keke ba ya da shi tun da ya yi ritaya, amma ƙarfe tara yana kan bencin nan da rediyonsa, yana shan shayin mutane, kuma shi ke yanke hukunci a kan kowace mota. Shi ya koyar da ni a aji shida. Shekara talatin ke nan bai manta na rubuta wa jarrabawar lissafi cewa jirgin ƙasa zai isa kafin ya tashi ba. Ran aurena ya ba da labarin. Ran sunan Nana ya ba da shi, har da ƙari, ya ce wai kuka na yi. Ban yi kuka ba, mura nake. Kuma jika 10 ɗin da ya ranta wurina lokacin da ɗiyarsa za ta tafi Damagaram, in na gaishe shi sai ya fara maganar tarbiyya.

Can sai aparantin Sani, ɗan ƙaramin nan da suke kira Buji, wanda bai fi shekara 12 ba, ya leƙo daga rami ya ce, "Tonton, in kana shan esansi, pompo na yawan tsayawa?"

Na ce masa, "Kai, manya na magana."

Alhali wata biyu ke nan ina faɗa da yaran gidan mai. Su sa bindiga, ta yi ƙas ta tsaya, su sake, ta yi ƙas. Har na ce wa ɗaya pomponsu ne na sata. Wata rana na sa aka girgiza motar don ta ƙara sha, ta amayo mini esansi a takalmi. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Sani ya ce a bar yaro. Buji ya koma rami, muka ji ya cire wani tiyo, wanda gwangwanin ke shaƙar iska da shi. Ya busa, kumatunsa suka kumbura, iska ta ƙi wucewa. Ya ɗauko guntun waya ya zura. Sannan ya fito, bai ce komai ba, ya kama hannuna kamar zai ba ni goro, ya buɗe tafin, ya zazzage mini. Laka ce busasshiya, da ƴan tsutsotsi biyu, da ƙafafun gizo-gizo. Gidan zanzaro.

Na tsaya da hannu a miƙe. Ban san dalilin da ya hana ni zubarwa ba. Garaji ya yi tsit, har mai walda ya ɗaga gilashinsa. Ina jin ɗaya tsutsar tana motsi. A ɗaya hannun wayata na kunne, da zanen wayoyin da na kwana ina nazari. Mai balis ya sunkuyar da kai yana ƙirga kuɗina. Mushe ya rage rediyo, wanda bai taɓa ragewa ba ko don kiran salla, ya miƙe, ya sa tabarau, ya leƙa tafin hannuna, ya dubi rigata da na cusa cikin wando, ya ce, "Ikon Allah. Zanzaro ya zo ganin gidan ɗan'uwansa."

Wallahi Sani sai da ya zauna a kan taya. Buji kuwa bai yi dariya ba, wannan ya fi ƙona mini rai. Cewa ya yi, "Tonton, da ka faɗi tun farko." Mushe ya juya ga mai walda, wanda baƙo ne daga Illela, ya ce, "Ka san labarin jirgin ƙasa?"

Balis sau uku 15, marufi 3, kaptar 20, kuɗin bas da na hannun Sani 3. Buji na ba shi dala ɗari, Mushe ya ce kaɗan ne.

Yanzu tana shan esansi lafiya lau, na ma je na gaida yaron gidan man, bai gane ni ba, ko ya yi kamar bai gane ba. Wutar dai tana nan, don tsohon kaptar ɗin, mai lafiya, ban san inda na jefa shi ba. Hadiza ta ce ta ga Nana na wasa da wani abu baƙi a tsakar gida. Na liƙa hoton Nanar a kan wutar, da dare goshinta na ɗan haske.