Yunwa ba rashin bangaskiya ba ce

To, mun ji. Ashe matsalarmu ba tsadar masara ba ce, rashin bangaskiya ne. Duk wanda ya shiga kasuwa da dubu biyar ya fito da 'yar leda ɗaya, addu'arsa ce ba ta kai ba. Mun gode wa baƙon mai wa'azi da ya taso takanas a jif mai baƙin gilashi ya zo ya sanar da mu. Da can a duhu muke.

Waɗanda suka je taron farkawa daren Juma'a sun gani da idonsu, sauran kuma kun ga bidiyon a WhatsApp, ba sai na maimaita ba. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne matar nan. Gwauruwa, ga marayu a gida, aka fito da ita gaban jama'a aka ce ta kwance bakin zani ta “shuka iri”, wato ta ba da baiko don a ninka mata, da kuɗin da ta faɗa da bakinta cewa na cefane ne. Ta kwance. Aka yi tafi, aka buga ganga, aka ce ga gwauruwa mai anini biyu ta zamaninmu.

Tunda Markus 12 aka jawo, to mu karanta shi, amma kada mu fara daga aya 41 yadda aka yi mana. Ku koma aya 38. Yesu yana gargaɗi ne a kan malaman Attaura masu son yawo da manyan riguna, masu son gaisuwa a kasuwa da kujerun gaba a majami'a, masu cinye kayan gwauraye su rufe da doguwar addu'a. Ya ce hukuncinsu zai fi tsanani. Yana gama faɗin wannan ya zauna daura da baitulmali, sai ga gwauruwar ta zo ta saka aninanta biyu. E, ya yaba zuciyarta. Amma ba wanda ya kira ta gaba, ba wanda ya yi mata alkawarin ninki ɗari kafin ƙarshen wata. Yana fita daga Haikali kuma ya ce wa almajiransa ba dutsen da za a bari a kan wani. Wannan sashen ne kullum ake tsallakewa, kun san dalili.

Na san za a ce mini gwauruwar Zarefat fa, ai Iliya ya ce a fara yi masa tasa wainar. Gaskiya ne, yana nan a 1 Sarakuna 17. Sai dai Iliya a gidan ya zauna, abin da suke ci shi yake ci, gari bai ƙare ba, mai bai ƙafe ba. Ranar da ɗanta ya mutu kuma shi ya ɗauki yaron ya hau da shi ɗakin sama ya yi wa Ubangiji kuka. Namu Iliyan kafin azahar ɗin Asabar ya kama hanya. Idan ɗan matar nan ya kwanta zazzaɓi gobe, wa za ta kira?

Masu turo mini “kada ku taɓa shafaffena” kuma ku huta. Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya, sama ba ta faɗo ba. Mutanen Biriya Bulus da kansa suka saurara, suka koma suna bincika Nassi kowace rana su ga ko haka ne, yabo suka samu.

Yunwa ba rashin bangaskiya ba ce, jama'a. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta wuce dubu. Kuɗin mota ya tashi, taki ya tashi, kwanon masara ya bi su. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, to ita gwauruwa mai tuyan ƙosai albashin wa take karɓa? A Disamba 2024 mutum goma suka mutu a turmutsutsin karɓar abinci a wani coci a Maitama, cikin Abuja, kwanaki kaɗan kafin Kirsimeti. Su ma bangaskiyarsu ce ta gaza? Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa ya sha yunwa da ƙishi da sanyi. Shi ma iri ne bai shuka ba?

Ikkilisiyar farko ta ga yunwa, mun kuma san abin da ta yi. Da Agabas ya ce babbar yunwa na zuwa, wadda ta auku a zamanin Kalaudiyas, masu bi na Antakiya kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa aka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu, wato Bulus. Daga masu shi zuwa marasa shi kuɗin ya tafi. Da aka yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce su ƙara azumi ba. Mutum bakwai aka zaɓa don aikin, har da Istifanas. Zakkar ma da ake ta buga mana Malakai 3:10 a kanta, a duba Maimaitawar Shari'a 14:28-29: ta kowace shekara ta uku a gari ake tara ta, Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Gwauruwa tana cikin masu ci.

Ba na hana kowa baiko. Ina bayarwa, zan kuma ci gaba, domin na ga alherin Allah a gidana a kwanakin da ni ma ban san ta inda abincin gobe zai fito ba. Na kuma san yawancin fastocinmu na ƙauye ba su da hannu a wannan, wasu wata uku suke bin albashi, da gona suke riƙe iyali. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yakubu ya tambaya a wasiƙarsa, in ɗan'uwa ba shi da tufa ba shi da abinci ka ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba, ina amfaninsa? Mu namu ya ma zarce haka, ɗan abin da ke hannunta muka karɓe muka yi tafi.

Iyayenmu dattawan ikkilisiya, da girmamawa nake roƙonku: a mayar wa matar nan kuɗinta, a asirce, ba a gaban bagadi da makirfo ba. Zumuntar mata sun riga sun fara tara mudu-mudu tun jiya ba tare da an sa su ba, Allah ya sāka musu. Ku kuma daina neman yaron da ya ɗauki bidiyon, ba shi ya yi wa'azin ba.

Af, tunda ana maganar taron, wa ya ba mai kibod izinin danne mawaƙa haka? Dare uku ba a ji kalma ɗaya ta waƙa ba. Tsofaffinmu sun zo da Littafin Waƙoƙi a hannu suka koma da shi ba su buɗe ba. Ga janareta na shan mai har ƙarfe biyun dare, Baba da ke bayan coci kuwa hawan jini gare shi. A rage lasifikar nan, don Allah.