Kwanciyar gawa a Garwa

Ciwon baya ne ya ja mini. Ni tela ne a garin Garwa na ƙasar Kamaru, kuma duk wanda ya yi ɗinkin sallah a kan keke ya san yadda ƙugu ke sandarewa kamar itace. Ƙanena da ke jami'ar Ngaundere ya zo hutu, ya ce:

"Yaya, yoga za ka yi. Motsa jikin mutanen Indiya ne, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa ranar 21 ga Yuni."

Na ce to, mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya, ai ba baƙin juna ba ne.

Ya kunna mini bidiyo a YouTube ya fice yawonsa. Na shimfiɗa tabarma a ɗaki, watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Tsayuwar bishiya aka fara, a kan ƙafa ɗaya. Bishiyata ta faɗi a kan randa. Na tsallake wannan.

Na numfashin ne ya yi mini daɗi: ka ja iska a hankali, ka sake ta a hankali fiye da yadda ka ja. Wallahi sai na ji bugun zuciyata ya lafa, har na manta da matar da ke bina bashin ɗinkin atamfa tun kafin azumi. Daga nan mutumin cikin bidiyon ya ce a yi shabasana, wato kwanciyar gawa. A kwanta rigingine, hannuwa a gefe, ido a rufe, kada a motsa ko yatsa. Na ce yauwa, wannan fannina ne. Barci ya kwashe ni.

Uwargida ta leƙo ta ga randa a fashe, ni a miƙe samɓal cikin ruwa, baki a buɗe.

"Malam! Malam!"

Shiru. Sai ta sa salati.

Da na farka, maƙwabta sun cika tsakar gida, wani dattijo na tofa mini addu'a, an aika yaro neman mai babur. Wata tsohuwa tana rantsuwa da Fulatanci cewa iskokin bakin Binuwai ne.

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunana ba tun da ta haife ni. Ranar ta kira shi har sau uku. Da ta ga na tashi zaune ina miƙa, sai ta gyara mayafi ta dubi ƙanena.

"Kai, gaya wa wancan ya biya randar."