Masu cewa kwamfuta ce ke tuƙa motar Formula 1, ku zo mu yi maganar birki

Da zarar an nuna hoton sitiyarin motar Formula 1, da maɓallansa birjik da ɗan allo a tsakiya, sai ka ji an fara: "Wannan ai ba tuƙi ba ne, wasan kwamfuta ne." Wani ya ce a ba shi motar shi ma ya ciyo kofi. Akwai ma masu rantsuwa cewa injiniyoyi ne ke zaune a gareji suna juya motar daga nesa, direban ɗan rakiya ne kawai. Jama'a, ni dai ban yarda ba, kuma ina da dalili.

Maganar juya mota daga nesa ba ta buƙatar dogon musu. Motar tana aika bayanai daga ɗaruruwan na'urorin awo zuwa gareji, zafin inji, iskar taya, cajin batir, komai. Amma tun 2003 doka ta hana gareji ya mayar wa motar da umarni. Abin da injiniya zai iya shi ne ya yi magana ta rediyo, direba ya murɗa maɓallin da hannunsa yana tsaka da gudu.

Gaskiya akwai lokacin da maganarsu ta kusa zama daidai. Motar ƙungiyar Williams ta 1992 tana da shokazoba da kwamfuta ke ɗagawa tana saukewa a kowace kwana, tana da na'urar da ke rage wa inji ƙarfi idan tayar baya ta fara sulɓi. Nigel Mansell ya ci tsere 9 cikin 16 a shekarar. Ta 1993 da Alain Prost ya tuƙa ma ta fi ta kayan aiki. Hukumar FIA mai kula da gasar ta ga abin na neman wuce gona da iri, ta haramta su daga 1994. Na'urar hana sulɓi ta dawo a 2001, ba don an so ba, sai don an kasa gane wanda ke ɓoye ta cikin manhajar motarsa. Ba a kashe bakin zaren ba sai 2008, da aka tilasta wa kowace ƙungiya amfani da ƙwaƙwalwar mota iri ɗaya, wadda hukuma ta san cikinta. To ka ga, motar gidan da ka gani a titi yau tana da taimakon da motar Formula 1 ba ta da shi. Taka tana da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, tasu babu.

Wanda ke son gane motar nan ya bar kallon miƙaƙƙen titi, kowa ya iya taka totur. Ya tsaya a bakin kwana.

Ɗauki kwanar farko ta Monza a Italiya. Mota na zuwa da gudun sama da kilomita 330 a awa, kuma dole ta sauko ƙasa da 100 cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka. Direba yana taka birki da ƙafar hagu, da ƙarfin da ya haura kilo 100, babu wata na'ura da ke taya ƙafar tasa matsawa. Jikinsa na tafiya gaba da nauyin da ya ninka nasa kusan sau biyar. Faifan birkin, wanda da kabon ake yin sa, yana kai zafin digiri 1,000, shi ya sa a tseren dare za ka hango shi ya yi jajir a cikin taya. Idan kuma ya huce da yawa ba ya kamawa, don haka sanyi ma matsala ne.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke manna motar da ƙasa iska ce. Fukafukanta da ƙasan cikinta an ƙera su ne don iska ta danne ta, kuma dannawar tana ƙaruwa ne da gudu. A farkon taka birki, motar tana da nauyin iska mai yawa a kanta, taya ta kama kwalta gam, kana iya takawa iya ƙarfinka. Amma gudu na raguwa, dannawar na raguwa, riƙon taya na raguwa. Ƙarfin da ya yi daidai a farkon daƙiƙa ya yi yawa a ƙarshenta. Dole direba ya riƙa sassauta ƙafa a hankali daidai da yadda iskar ke sakin motar. Ya makara kaɗan, taya ta kulle, hayaƙi ya tashi, wuri ɗaya a jikin tayar ya cinye ya yi faɗi, daga nan motar ta dinga karkarwa har sai an canza ta. A cikin wannan ɗan lokacin kuma yana sauke giya daga ta takwas zuwa ta biyu da yatsun hagu, yana juya sitiyari, yana duba madubi. Wace kwamfuta ce ta yi masa wannan?

Akwai wurin da kwamfuta ta shigo, kuma shi ne ya fi burge ni. Daga 2014 aka koma ƙaramin inji mai lita 1.6 da silinda 6 da turbo, wato fankar da hayaƙi ke juyawa don cusa iska cikin inji, aka haɗa masa injinan lantarki biyu. Na farko, wanda suke kira MGU-K, yana haɗe da sandar injin. Idan an taka birki sai ya zama janareta, ya riƙe tayoyin baya yana tara wuta a batir. Wanda ya taɓa hawa keke mai dainamo ya san yadda feda ke ƙara nauyi da zarar an jingina shi da taya, to haka ne, sai dai a nan nauyin ake nema. Idan an fito daga kwana kuma sai ya juye, ya mayar da wutar ta zama ƙarin ƙarfi a kan na injin, wanda kafin 2026 ya kai na doki kusan 160. Na biyun, MGU-H, wanda aka yi amfani da shi har 2025, yana jikin turbo, yana tatsar wuta daga zafin hayaƙin da da salansa zai zubar a banza, yana kuma juya turbo ɗin kafin hayaƙi ya taru don kada mota ta yi jinkiri idan an taka totur. Da wannan haɗin Mercedes ta sanar a 2017 cewa injinta ya haura kashi 50 cikin 100 wajen mayar da ƙarfin fetur ya zama tafiya. Injin motar gida yawanci kashi ɗaya cikin uku yake samu, sauran ya tafi a zafi.

Matsalar ita ce riƙon da janaretan ke yi wa tayar baya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Batir ya cika, janareta ya daina riƙewa. Batir ya yi ƙasa, ya riƙe sosai. Ba ƙafar ɗan Adam da za ta iya bin wannan canjin. Shi ya sa aka yarda birkin baya ya bi ta kwamfuta: direba ya taka, na'ura ta auna ƙarfin da yake nema, ta lissafa nawa janareta ya ɗauka, ta cike ragowar da faifai. Ba ta zaɓar masa inda zai taka, ba ta hana taya kullewa. Aikinta kawai ƙafarsa ta samu abin da ta nema. Birkin gaba kuwa har yanzu mai ne da bututu, kai tsaye daga ƙafa.

Da yake janareta na ɗaukar wani kaso na aikin, sai masu ƙira suka rage girman faifan baya don rage nauyi. Ranar da janaretan ya mutu kuwa, a nan ake gane direba. A Kanada a 2014 motocin Mercedes biyu suka rasa shi kusan lokaci guda. Birkin bayan Lewis Hamilton ya yi zafi ya mutu, ya fita daga tseren. Nico Rosberg ya lallaɓa ya ƙare na biyu, Daniel Ricciardo ya ci tserensa na farko a Formula 1. Bayan shekara huɗu abin ya faɗo kan Ricciardo da kansa a Monako, yana kan gaba, tun ba a kai rabin zagaye 78 ba. Ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin motar, ya koma amfani da giya shida cikin takwas, ya tura nauyin birki zuwa gaba don kada na baya ya ƙone, yana ɗaga ƙafa daga totur tun kafin kwana. Sebastian Vettel na manne da bayansa, amma haka Ricciardo ya riƙe gaba har tutar ƙarshe. Eh, Monako matsattsen titi ne, wuce mutum a can sai an sha wuya, na sani. Amma kuskure ɗaya a birki da ya gama da shi, kuma bai yi ba.

Su kansu maɓallan da ake yi wa dariya, kowanne rami ne. A Baku a 2021 an tsayar da tsere bayan tayar Max Verstappen ta fashe, aka sake tashi saura zagaye biyu. Mercedes na da wani maɓalli a bayan sitiyari da ke tura birki gaba sosai don a ɗumama faifai da tayoyi kafin a tashi. Hamilton ya tashi da kyau, ya sha gaban Sergio Perez, ashe yatsansa ya goge maɓallin. Ya taka birki a kwanar farko, tayoyin gaba suka kulle, hayaƙi fari fat, mota ta miƙe ta bar hanya. Ya tashi a tutar babu. A ƙarshen shekarar da tazarar maki 8 Verstappen ya doke shi.

Ba na musun cewa mota ce ke yanke yawancin hukunci. Mercedes ta ci kofin masu ƙera motoci sau takwas a jere daga 2014 zuwa 2021, kuma gwanin duniya a motar baya ba zai ci komai ba. Amma a 2023 Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22, Verstappen ya ɗauki 19, Perez da ke tuƙa irin motar ya ɗauki 2. Inji ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, gareji ɗaya. Mai cewa a ba shi motar ya ciyo kofi sai ya fara yi mana bayanin wannan tazarar.

Inda nake da tawa damuwar shi ne dokar 2026. An cire MGU-H saboda tsada da wuyar ƙira, don sababbin kamfanoni irin Audi su samu shiga, kuma na fahimci dalilin, ko da yake a ganina ita ce dabara mafi kyau a motar. An kuma ɗaga ƙarfin MGU-K daga kilowat 120 zuwa 350, wato kusan rabin ƙarfin motar daga lantarki zai fito. To wutar daga ina? Hayaƙi ya daina bayarwa, saura birki da abin da za a tatsa daga injin kansa. A titi irin Monza mai dogayen miƙe da ƙarancin wurin taka birki, lissafin batir zai iya fin ƙarfin zuciya muhimmanci, direba ya riƙa ɗaga ƙafa a inda da can yake takawa har ƙasa. Idan masu ƙorafi na neman abin da za su yi ƙorafi a kai, ga shi nan, kuma a wannan ina tare da su.