Na'urar da ake dasawa a jiki ba ta juya tunanin mutum

A majalisarmu ta Fagge na sha jin ana cewa na'urar da likitoci ke dasawa a jiki, daga nesa ake juya mai ita, har tunaninsa. Tsoron yana da dalili, tunda abu ne da ido ba ya gani. Amma maganar tana damuna, domin tana iya sa mai farfaɗiya gudun magani.

Ɗauki na'urar masu farfaɗiya wadda Amurka ta amince da ita a 1997. Ƙarƙashin fatar ƙirji ake sa ta, siririyar waya ta hau zuwa wata jijiya a hagun wuya. 'Yar wuta kaɗan take aikawa, galibi daƙiƙa 30, ta huta minti 5, don rage yawan tashin ciwon. Ba ta karanta tunani. Likita ma sai ya ɗora abin saiti daidai kan ƙirjin kafin ta karɓi umarni.