Ranar Da Injin Kawu Ya Ƙi Jin Makulli

Duk wanda ya tashi a Palladan ya saba da ƙarar ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, wadda ke Zariya tun 1964. Mu dai mukan ɗaga kai mu wuce. Kawuna kuwa da ya ɗaga bai sauke ba, yana yin ritaya ya ce shi ma sai ya ƙera nasa. Ya samo injin tsohuwar Volkswagen, irin mai shan iska ba ruwa ba, ya sa aka sassaƙa masa farfelar katako, ya ɗaure injin kan teburin ƙarfe, teburin kuma ya ɗaure shi da dalbejiyar tsakar gida. Fukafukai sai nan gaba.

Ni ɗan rewaya ne a Sabon Gari, don haka ni aka kira haɗa wuta.

"Ɗan nan, wannan ba Fijo ba ce fa," in ji Kawu.

Na ce, "Allah ya ja da ranka, waya ai waya ce."

Injin ƙaramin jirgi mai fistin hanyar wuta biyu ake yi masa, kowace silinda fulogi biyu, don in ɗaya ta mutu a sama ɗayar ta riƙe ka. Na Kawu maganeto, wata 'yar na'urar haifar da wuta, ke ba fulogan sama, kwayil biyu masu cin batir suna ba na ƙasa, kowane kwayil silinda biyu. Soket ɗinsu kuwa baƙaƙe iri ɗaya, ba lamba ba alama. Wanda ya ƙera su, Allah ya isa. Na haɗa silinda ta ɗaya da ta huɗu, ta biyu da ta uku, yadda hannuna ya saba a Toyota. Muka kashe maganeto, muka gwada kwayil kaɗai. Tau! Salansa ta yi aman wuta, maƙwabci ya leƙo ta katanga yana salati.

Kawu ya zaro wata takarda duk baƙin mai. Ashe wutar wannan injin 1-4-3-2 take bi, ba 1-3-4-2 ba, wato ɗaya da uku ne abokan juna, biyu da huɗu. Na ce dama gwaji nake yi.

Kafin in sake haɗawa, saboda tsabar taka-tsantsan, na cire siririyar wayar da ta taso daga maganeto zuwa makulli. A mota in ka cire waya ka kashe wuta. Shi maganeto da kansa yake haifar da wutarsa, ba ruwansa da batir, kuma wayar nan ce ke zubar da ita a jikin ƙarfe idan an kashe makulli. Ka cire ta, ka kwance masa dabaibayi ke nan. Wa ya gaya mini?

Kawu ya kama farfela yana juyawa don ya kawo fistin na ɗaya sama. Sai injin ya amsa. Dattijon da ke salla a zaune saboda ciwon gwiwa, sai ga shi a bayan randa, hularsa a kan rufin bayi.

A bayan farfelar kuwa Hajiya ta baza shanyar barkono da kuɓewa. Duk suka tashi, su ne farkon fasinjojin jirgin. Na murɗa makulli, ko gezau. Na fizge kan batir, ya ƙara murya. Kawu na ihu, ni ina atishawa, hawaye ya hana ni karanta bakinsa.

Hajiya ce ta fito daga kicin da mayafi a hanci, ta bi ta gefe ta murɗe famfon mai, yadda take kashe janareto kowane dare. Injin ya shanye ɗan abin da ya rage a kafireto, ya yi tari, ya tsaya.

Ta ce barkonon tiya biyu ne, ni da Kawu mu raba kuɗin, jirgi kuma ya koma gona can hanyar Shika kafin Juma'a. Kawu ya biya nasa nan take. Nawa ya ce a cire daga kuɗin aikina, wanda har yau ba mu yi cinikinsa ba.